Goge daga "goga" ne, ko baƙo ne cikin rigar gida?

Malam Habu: Assalamu alaikum mutanen fada. Jiya da dare wurin shayi Laminu ya ce wai kalmar goge Hausa ce tsantsa, na ce masa a'a, hayaniya ta hana mu ƙarasa. To ga maganata a rubuce, kada gobe a ce na janye. Duk abin kiɗan da ke da tsirkiya a ƙasar Hausa, goge ne, garaya ce, molo ne, gurmi ne, har jitar zamani, daga wajen Larabawa ya zo, shi da sunansa. Namu na gado ganga ce da kalangu da ƙaho. Mai ja, bismilla.

Laminu: Wa alaikumus salam. Allah gafarta Malam, ni dai tambayata ɗaya ce. Yaya ake yi wa goge ya yi kuka? Ba goga masa izga ake yi a kan tsagiya ba? Goga, goge. Ko yaron da bai shiga lakwal ba ya ji wannan.

Malam Habu: Yaron da bai shiga lakwal ba shi ne kuma zai ce maka jita daga "ji ta" take. Kama da wane ba ta wane, Laminu.

Sa'a: Wallahi akwai wanda ya taɓa rantse mini a kan wannan "ji ta" ɗin, wai Turawa wajenmu suka sata.

Malam Habu: To kin gani. Jita dai an san hanyarta ƙafa da ƙafa. Larabci na da ƙisara. Larabawa sun zauna Andalus daga 711 har 1492, mutanen Sipaniya suka karɓa suka ce gitarra, Faransawa suka ce gitar, Ingilishi ma haka, sannan ta faɗo bakinmu. Mu nan Maraɗi ma gitar muka fi cewa, sai ka ƙetara Ɗan Isa ka shiga Jibiya ka fara jin jita sosai. Ga kuma udu. Larabawa na ce masa al'ud, Sipaniyawa suka haɗiye "al" ɗin cikin sunan suka ce la'ud, Faransawa suka ce lut, har mai sana'ar ƙera irin waɗannan kaya a Faransanci lutiye ake ce masa, ko da ma abin da yake ƙerawa ba udu ba ne. Haka muka yi da alƙalami da aljihu da albasa da allo, muka haɗa da "al" muka tauna. Algaita ma haka ta zo mana daga Magrib, wato arewacin Afirka. Idan Turawa da nisansu sun ara, mu da ayarin Agadas ke sauka a ƙofarmu fa?

Hajiya Rabi: Malam tsaya. Wannan ud ɗin, shi ne ud ɗin da nake saidawa?

Malam Habu: Shi ne, Hajiya. Ma'anar kalmar itace. Na turarenki itace ne mai ƙamshi, na makaɗa kuwa akwati ne na katako, fuskarsa ma katako ce, ba fata ba.

Hajiya Rabi: Ikon Allah. Shekara nawa ina ɓantarar ɗan tsinkensa ina ɗora wa garwashi a kasko don mai saye ya shaƙa, ashe sunan molon Larabawa nake kira. Amma Malam, duk abin da ka lissafo na Turawa ne. Mu goge aka tambaye ka.

Mushe Isuhu: Hajiya ta riga ni. Na karanta tun daga sama, kuma zan ɗan tsawaita, ku yi haƙuri da tsohon malamin lakwal.

Malam Habu, abin da ka faɗa kan udu daidai ne, ban da ja. Kan jita kuwa ka tsaya a tsakiyar hanya. Ƙisara ba haifaffiyar Larabci ba ce, ita ma baƙuwa ce, daga Girkanci kitara, wani abin kiɗa mai tsirkiyoyi da Girkawa ke kaɗawa ɗaruruwan shekaru kafin Annabi Isa. Larabawa dillalai ne a wannan ciniki, ba masu kaya ba. In ka ce jita ta Larabawa ce don ta bi ta hannunsu, to goron da ya bi ta kasuwar Maraɗi ya zama ɗan Maraɗi ke nan.

Sai babbar maganar. Ka haɗa abu biyu ka ɗaure da igiya ɗaya: zuwan kayan, da zuwan sunan. Na yarda kaɗa tsirkiya da izga dabara ce da ta yaɗu ta ƙasashen Musulmi. Alfarabi, wanda ya rasu wajen 950, ya yi bayanin rababa, gogen Larabawa, a littafinsa na kiɗa. Wannan suna ya shiga Turai, Faransawa suka ce rabek. To mu me ya sa ba mu ce rababa ba, ko arbaba, yadda muka ce algaita? Dubi maƙwabtanmu Buzaye, waɗanda suka fi mu kusa da Larabawa. Nasu gogen, wanda mata ke kaɗawa, suna ce masa imzad ko anzad, kuma a Tamashek kalmar gashi take nufi, saboda gashin wutsiyar doki da ake yin tsirkiyar da shi. A 2013 UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya da sunan Nijar da Mali da Aljeriya. Wolof na cewa riti. Fulani na da nyanyeru. Kowa ya karɓi abin ya raɗa masa suna da bakinsa. Jirgin sama ba mu muka ƙera ba, amma jirgi kalmarmu ce tun ana fito da shi a gulbi.

Malam Habu: Mushe, ban ƙi ta taka ba kan Girkanci. Amma rashin cewa rababa ba ya nuna goge daga goga yake.

Sa'a: Nan kam ina bayan Malam, Mushe. Kai ka koya mana a aji cewa in Bahaushe zai sa wa kayan aiki suna daga aikatau, "ma" yake sakawa a gaba. Buɗe, mabuɗi. Kulle, makulli. Sassabe, masassabi. Kuma goga ma tana da nata: magogi, wanda muke goge allo da haƙora da shi. Sunan aikin kuma guga. To ina goge ya samu gurbi a nan? Gidan ya cika.

Mushe Isuhu: Madalla da ɗiyata, ashe ba barci kike yi a bayan aji ba. Amma akwai wani ɗaki a gidan da ba ki leƙa ba. Zana, zane. Zaɓa, zaɓe. Dasa, dashe. Kama, kame. Ki faɗe su da baki, kada ki karanta da ido: zane, zaɓe, goge. Murya ɗaya ce, ta faro ƙasa ta hau sama. Hausa na da wannan ƙirar ta sunaye masu ƙarewa da "e", kuma goge ya zauna cikinta daram kamar an auna.

Abin da zan ba ki gaskiya a kai shi ne, waɗannan sunaye aiki suke nunawa ko abin da aikin ya haifar, ba kayan aikin ba. Zaɓe ba akwatin ƙuri'a ba ne. To ni a ganina goge da farko sunan wasan ne. Har yau cewa muke "ana goge a gidan wane", "sun tafi wurin goge". Daga baya sunan ya sauka kan ƙwaryar kanta. Wannan fahimtata ce, ba aya ba ce.

Baba Na-Tibiri: Ku yara kuna ta hwaɗin goge, cikinku wa ya taɓa riƙa shi? Ni maƙwabcinmu a Tibiri mai goge ne, shi ka yi ma ƴan bori kiɗi lokacin da Inna, shugabarsu, ke tara su. Ina yaro ni ka riƙe mai wuƙa in shina gyara. Rabin ƙwarya ce, a rufe ta da hwatar guza, a kafe da ƙusoshi kewaye, a huda rami gefe guda don murya ta hito. Sanda ta ratsa ta. Tsagiya kuwa ba ɗaya ba ce kamar yadda kuke gani daga nesa, gashin wutsiyar doki ne da yawa anka haɗa wuri guda. Ƙarƙashinta akwai ɗan icce mai ƙahwa da ke ɗauke da ita, sunanshi jaki, don shi ka ɗaukar kaya. Ga ɗan ƙaro manne a jikin ƙwaryar, kahin ya soma sai ya shafa ma izga shi, in ba haka ba sai ta zame, ba ta cizo. Da damina in hwatar ta yi sanyi ta saki, sai ya kai ta kusa da wuta shina juyawa shina ƙwanƙwasa da yatsa har ta ɗaure.

To Malam Habu, ƙwarya, guza, jaki, ƙaro, izga, tsagiya. Wanne ne Larabci ciki? Jiki duka Bahaushe, sai kai kaɗai ne Balarabe?

Malam Habu: Baba, Allah ya ƙara girma. Amma mota ma tana da ƙafa da ido da baki a bakin direbobinmu, kuma ba a Tibiri aka haife ta ba.

Laminu: Kai, Malam ya rama!

Baba Na-Tibiri: Ya rama, amma ka tuna malammai ne sunka yi mai kirari da "goge kan bidi'a". In nasu ne, mi ya sa sunka kore shi?

Malam Habu: Wannan wata muhawara ce daban, Baba, ta hukunci. Yau asalin suna muke nema, kada mu shiga can mu kwana.

Alhaji Mai Goro: Ni ban yi lakwal ba ban yi zaure mai nisa ba, amma na yi tafiya. A Tamale da Yendi na ga Dagwamba da gogensu, cewa suke gonje, kuma a can ba abin ƴan bori ba ne, kiɗan fada ne, gaban sarki ake yin sa, gida-gida ake gadonsa. Yarbawa na cewa goje. Zabarmawa a Yamai da Doso su ma goje. Fulanin wasu wurare na cewa gegeru. To Mushe, da yawan nan, me ya sa za a ce mu ne uwa su ne ƴaƴa? Su Dagwamba da bakinsu cewa suke daga ƙasar Gurma gogensu ya zo musu, wajen Fada Ngurma, ba su ce Katsina ko Kano ba. Ni har na taɓa zaton gonje daga Gwanja ne, inda kakanninmu ke zuwa sarin goro.

Mushe Isuhu: Alhaji, wannan ita ce tambaya mafi nauyi da aka yi yau, ta fi ta Malam. Dalilina biyu ne.

Na farko, a Hausa kalmar tana da dangi: goga, guga, magogi, gogayya, gogagge. Kalmar da ke zaune cikin danginta ta fi kama da ƴar gida fiye da wadda ke tsaye ita kaɗai. Haka ake gane imzad na Buzaye ne, don kalmar gashi na nan kusa da shi.

Na biyu, sauti. Ku lura yadda muke furta "ge", harshe na matsowa gaba kamar za a ce "gye". Kunnen baƙo kan ji wannan kamar "je". A harsunan duniya "g" kan narke ta zama "j" in ta haɗu da "e" ko "i", amma "j" ta koma "g" abu ne da ba a cika gani ba. Saboda haka goge ya zama goje ya fi sauƙi a kan goje ya zama goge. Kuma fataken goro da Alhaji ya ambata, ba goro kaɗai suka yi ta ɗauka ba. Hanyar Gwanja ta ƙasar Gurma take bi, kuma zangon Hausawa na nan har Salaga. Ba mamaki Dagwamba su karɓa daga Gurmawa, sunan kuma ya kasance ya riga ya yi tafiya kafin nan.

Sa'a: Mushe, "ba mamaki" ba hujja ba ce fa. Kuma Hausa na da "j", da mun ji goje ai da mun ce goje. Sai dai in kakanninmu sun ji baƙuwar kalma mai kama da goga, suka lanƙwasa ta don ta yi ma'ana a bakinsu. Ana yin haka ai.

Mushe Isuhu: Ana yi ƙwarai, kuma nan ne raunin maganata, ban ɓoye ba. Baƙuwar kalma kan ari rigar gida har a manta baƙuwa ce. Amma mai wannan da'awa shi ke da nauyin kawo mana kalmar ta asali, ya ce ga harshen, ga ma'anarta a can. Malam Habu, ga fili. Goge da Larabci me ake ce masa wanda ya yi kama da goge?

Malam Habu: Zan bar goge tukuna, in kama gurmi, don nan nake da ƙarfi. Ibn Battuta ya je Mali a 1352, zamanin Mansa Sulaiman, ya ce ya ga mawaƙa na fitowa gaban sarki riƙe da kayan kiɗa, ƙanabir, na zinariya da azurfa. A kan hanyarsa ta komawa ma ya bi ta Takadda, cikin ƙasarmu ta yau, har ya ambaci Gobir, Baba sai ka ji daɗi. To wannan ƙanabir, tilonsa ƙunburi. A Maroko ƴan Ginawa na da gimbiri mai tsirkiya uku, a Tunis ana cewa gumbiri. Ƙunburi, gumbiri, gurmi. Ku ce mini ba ƴan uwa ba ne.

Laminu: Malam, su ƴan Ginawan nan su wane ne? Ba jikokin baƙaƙen da aka ƙetarar da su hamada ba ne? Na Tunis ma har bori suke yi, akwai sunayen iskoki na Hausa cikin waƙoƙinsu. To in gumbiri da gurmi ƴan uwa ne, ai daga nan ya tafi can, cikin kayan bayi. Soninke ma na da gambare. Hujjarka ta juyo ta sare ka.

Malam Habu: Ibn Battuta mutumin Tanja ne ta Maroko, da kalmar da ya sani ya rubuta.

Laminu: Ko kuma da kalmar da ya ji a wurin. Matafiyi in ya ga abin da babu a garinsu, sunan masu abin yake rubutawa.

Mushe Isuhu: Ku biyun duka kun yi gaggawa. Kafin a yi faɗan wa ya ba wa, sai an tabbatar gurmi da gumbiri kalma ɗaya ce. Harufan sun yi kusa, na yarda, g da m da r, sai dai sun sauya wuri kuma "b" ta ɓace. Hausa kan juya harufa, bincike da binkice, hawainiya da wahainiya, saboda haka ba abin da ba zai yiwu ba ne. Amma yiwuwa daban, tabbas daban. Marigayi Malam Mamman Barka, ɗan Taskar, wanda ya rasu a 2018, da gurmi mai tsirkiya biyu ya yi suna kafin ya je ya koyi biram, wani abin kiɗa mai tsirkiyoyi, wajen Buduma na tafkin Cadi, kuma can gabas ngurumi ake cewa. Ka ga sunan na yawo gabas da yamma cikin ƙasar baƙaƙe, ba lallai sai ya hau raƙumi ya je Tunis ya dawo ba.

Sa'a: Bari in ba ku wata, tun da kama ake bi. Akwai ƴar ƙaramar jita ta mutanen tsibirin Hawai, sunanta ukulele. Uku, lele. Ƴar lele mai tsirkiya uku. Hausa tsantsa! Laminu sai ka rubuta a littafinka.

Laminu: Yaya Sa'a kin fara ko.

Sa'a: Saura ka ji. Tsirkiyarta huɗu ce, ba uku ba. Kuma a harshensu uku ƙuma ce, lele kuma tsalle, wato ƙuma mai tsalle, ana cewa don yadda yatsu ke tsalle-tsalle a kanta. Kayan ma ba nasu ba ne tun asali, ƴan ci-ranin Fotugal daga tsibirin Madera suka kai musu a 1879, su kuma suka raɗa masa nasu suna. Wannan ya taimaki Mushe ta gefe ɗaya, kaya na baƙo suna na gida. Ta ɗaya gefen kuma ya nuna cewa kalma na iya zama daram cikin Hausa alhali ba ta taɓa shan ruwan Gulbin Maraɗi ba.

Mushe Isuhu: Na karɓa. Amma ki lura, ukulele ta faɗi jarrabawa wurin ƙirga tsirkiya. Goge bai faɗi ba, ana goga shi da gaske. Irin taki akwai wata da ta fi ruɗar mutane: sitar ta Indiya. Farisanci ne, "se" uku, "tar" tsirkiya, kamar yadda dutar ke nufin tsirkiya biyu. Mutane da yawa na ganin "tar" a ƙarshen gitar sai su ce shi ke nan, dangi ne. Alhali hanyar gitar da aka bi diddiginta a rubuce ta Girka ce.

Hajiya Rabi: Ni abin da na lura, kowa sunan abin da ya gani ko ya ji yake sa wa kayansa. Balarabe ya ce itace, Buzu ya ce gashi, wancan ya ƙirga tsirkiya, wancan ya ce ƙuma. Turawa fa, su da manyan sunaye?

Mushe Isuhu: Nasu ma haka ne Hajiya, nisa ne ke sa su yi kwarjini. Gogen Turawa da Faransawa ke ce wa biyolon, a Italiyanci biyolino, ma'anarsa ƙaramar biyola. Babba ita ce biyolone. Sai suka yi wata matsakaiciya suka ce biyolonchello, wato ƙaramar babbar biyola, kamar ka ce ƙaramin Babba. Piyano kuwa, wanda cikinsa tsirkiyoyi ne ƴan guduma ke bugu, wani Ba'italiye Kiristofori ya ƙera shi a Fulorans wajen 1700, cikakken sunansa piyanoforte, a hankali da ƙarfi, don yana iya yin duka biyun. Da mu ne da mun ce "sannu-da-ƙarfi", kuma da an yi mana dariya.

Laminu: Kuma Malam, tun da ka ce kullum mu ne masu karɓa, banjo na Amurka fa? Bayi ne suka ƙera shi da ƙwarya da fata, kamar gurminmu. Tomas Jafasan da kansa, wanda ya zama shugabansu na uku, ya rubuta a 1781 cewa banjar daga Afirka baƙaƙe suka zo da shi. Masana da yawa na danganta sunan da mbanza na harshen Kimbundu a Angola, wasu kuma na cewa daga wani sunan Turai ne, bandore. Ko su da tulin takardunsu ba su gama wannan faɗan ba.

Malam Habu: To ai ka ga ba ni kaɗai ke jayayya ba.

Baba Na-Tibiri: Malam kana zillewa. Ka lissafo garaya da molo da bakinka. Garaya ta mahalba ce, tun ana shiga daji da kwari da baka ake kaɗa ta ana zuga maza. Ba ni Larabcinta. Ba ni na molo. Ba ni na kukuma. Ba ni na kuntigi.

Alhaji Mai Goro: Kuntigi kam a bar shi, shi ke faɗin sunansa da kansa. Muna yara a Bagalam gwangwanin sardin muke samu, mu ɗaura masa fata, mu soka kara, mu ja wayar birkin keke guda ɗaya. Ka taɓa da yatsa ka ji: kun-ti-gi, kun-ti-gi. Da irin wannan ɗan abu Ɗan Maraya Jos ya zagaya duniya har ya rasu a 2015. Zabarmawa ma na da shi, kuntiji suke cewa.

Mushe Isuhu: Kun ji ko? Goge da goje, kuntigi da kuntiji. "G" a wajenmu, "j" a wajensu, sau biyu. Molo kuwa ba zan yi rantsuwa namu ba ne, don Zabarmawa na da molo, da shi jasare ke ba da tarihin sarakuna, Fulanin Futa ma na da molo. Kukuma kuma akwai ta a bakin Barebari. Waɗannan kalmomin yankinmu ne gaba ɗaya, sun daɗe suna shiga gidan juna kamar maƙwabta. Amma ko ɗaya cikinsu ba ta da ƙamshin Larabci.

Malam Habu: To. Na sauke "duk". Garaya da molo da kuntigi na bar muku, ban da abin da zan kafa hujja da shi. Jita da algaita kuwa ta hannun Larabawa suka biyo, ko Mushe ya kira su dillalai. Gurmi ina nan kan bakata. Goge kuma, kayan dai na ce daga arewa ya zo, sunan ne ban gamsu da "goga" ba har yanzu, don Sa'a ta nuna mana yadda kama ke yaudara.

Baba Na-Tibiri: Ɗan maƙwabcin nan namu na nan da rai, ya tsuhwa, ya bar kiɗi tun da ya yi Hajji, amma gogen ubanshi na rataye cikin ɗaki. Gobe Laraba in na tahi kasuwar Tibiri ni biya in tambaye shi.

Sa'a: Baba ka ɗauko mana hoto don Allah, ina son in ga jakin nan.

Baba Na-Tibiri: Salamu alaikum, na dawo. Na iske shi zaune bakin zaure. Na ce mai yara na gardama kan sunan goge, wasu sun ce don ana goga shi ne. Ya yi dariya har da tari. Ya ce shi tun da ya tashi bai taɓa jin mai goge ya ce "zan goga" ba. Kaɗawa ake yi, kamar garaya, kamar kalangu. Ya ce wanda ke goga shi ne ɗan koyo, shi ka sa karnuka haushi. Na ce to daga ina sunan ya hito? Ya ce ubanshi goge ya ce, kakanshi goge ya ce, in muna son wanda ya raɗa sunan sai mu bi su can mu tambaya.

Hoto kuwa, Sa'a, ya hana a ɗauka. Ya dai sauko da shi ya bari na riƙa. Hwatar ta tsage gefe guda, tsagiyar duk ta zube, saura jakin na rawa cikin ƙwarya.

Malam Habu: Allahu akbar. Mushe, ka ji mai abu. Kaɗawa, ba gogawa ba.

Mushe Isuhu: Na ji, kuma ta taɓa ni. Sai dai ba lallai mai kiɗa ne ke raɗa suna ba, sau da yawa ƴan kallo ne, kuma ɗan kallo abin da idonsa ya gani yake faɗa: hannu na kai da komo a kan gashi. Buzuwa ma ba ta cewa "zan kaɗa gashi" da nufin gashin kanta.

Laminu: Baba, in na biya kuɗin gyara, zai yarda a sa masa sabuwar fata?

Baba Na-Tibiri: Na tambaye shi wannan tun kahin ka hwaɗi. Ya ce guza ta yi wuyar samu, doki kuma sai gidan sarki. Ya ce in ka samo su ka zo da goronka, shi gwada maka yadda ake ɗaurawa, amma shi hannunshi ba ya ƙara taɓa izga.